Dorothea Schlegel: ita ta yi rubutu, miji ya ɗau suna

A 1801 wani ƙagaggen labari mai suna Florentin ya fito a Jamus. Bangonsa na ɗauke da sunan Friedrich Schlegel, masanin falsafa, a matsayin wanda ya fitar da shi. Sunan wadda ta zauna ta rubuta shi kuwa, ko a lungu babu. Dorothea ce, wadda ya aura a Paris a 1804.

Ba 'yar koyo ba ce da za a ce tana neman inuwa. An haife ta a Berlin a 1764, mahaifinta Moses Mendelssohn, babban malamin falsafa na Yahudawan Jamus, don haka cikin littattafai ta buɗe ido. An aurar da ita ga Simon Veit, ma'aikacin banki, a 1783. Ta haɗu da Friedrich a 1797, aurenta ya mutu a 1799, ta bar gidan wadata ta bi mutumin da bashi bai cika rabuwa da shi ba. Fassarar da take yi daga Faransanci na cikin abin da ke kawo kuɗin cefane, har da littafin Corinne na marubuciya Madame de Staël a 1807. Shi ma da sunan mijin ya fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare Friedrich na cewa ai da yardarta aka yi, kuma a lokacin mata da dama na ɓoye sunansu. Haka ne. Amma ina ganin yardar macen da gari ya riga ya sa a baki, wadda ta san ana ganin sunanta za a koma tsegumin aurenta a bar littafin, ba yardar mai zaɓi ba ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Friedrich da kansa ya yi rubuce-rubuce yana yabon basirar mata, ya kuma fi kowa sanin hannun da ya yi aikin.

Marubucin da ba a kira sunansa ba, ba mai yi masa gyara, ba mai tambayarsa yaushe na gaba zai fito. A bangon Florentin an rubuta cewa juzu'i na ɗaya ne. Dorothea ta ƙara shekara 38 a duniya, ta rasu a Frankfurt a 1839, inda ɗanta Philipp mai zane yake zaune, juzu'i na biyun bai fito ba.