Kashin farko kawai ya fito, har an yanke wa ƴar mutane hukunci

Assalamu alaikum ƴan'uwa na Tawa, musamman matasan fada da iyayenmu mata da ke cikin gurup na WhatsApp.

Duk sanda sabon fim mai dogon zango ya fito da kashin farko, kafin a zuba shayi na biyu an rabu gida biyu: wasu su ce zai yi tashe, wasu su ce ba zai kai labari ba. Wannan ba laifi. Ka ce sauti na yankewa, labari na jan ƙafa, ko an sa abin da bai dace yara su gani ba, gyara ne. Inda ake zamewa shi ne a bar fim a koma kan mutum.

Aikin kashin farko gabatar da mutanen labari da ƙulla rigima. Dole a nuna muguwar kishiya da muguntarta, warwarar tana gaba. Kuma da kashin farkon ne masu shiri ke jawo ƴan talla, don sai sun ga yawan masu kallo a tele ko YouTube suke zuba kuɗi, shi ya sa ake cika masa gishiri. Sai wani ya yanko daƙiƙa 30, ba kai ba gindi, ya ɗora a TikTok da sunan gaskiya na yarinyar da ta fito a matsayin kishiyar, a hau kiran ta ƴar iska, har a ce an san inda take kwana.

Malam, wannan ƙazafi ne. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke wa wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarsa. Rawar da ta taka a fim ba shaida ba ce. Ko kana bin malaman da ke ƙyamar sana'ar fim, hakan bai halatta maka mutuncinta ba. Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili, mugun laƙabi da giba. Hajiya, ke da kika tura wa wani gurup kawai, kina da kaso.

Wanda ya riga ya afka, ya goge tun da wuri. WhatsApp na ba da kamar kwana biyu a goge saƙo ga kowa. Gogewa kaɗai ba ta isa ba, don wasu sun adana. A inda ka yi maganar, nan za ka koma ka ce ba ka da hujja, ka janye. In maganar ta kai kunnenta, nemi gafararta. In ba ta kai ba, kuma sanar da ita zai ta da fitina, malamai da dama sun ce ka roƙa mata gafarar Allah, ka faɗi alherinta a gaban waɗanda suka ji ka ɓata ta.

Shugaban gurup kuwa, in ya ga zagi ya fara, ya rufe rubutu na daren nan, ya cire guntun bidiyon kafin a buɗe da safe.