Wa Ya Sayar Musu Da Titin?

Bidiyon nan na bikin gari da aka sa wa kuɗin shiga, da kuka yi ta turo mini tun jiya, sau uku na kalle shi, kuma har yanzu raina bai huce ba. Dattijo ne da furfurarsa, ga kayan bikinsa a jiki, da gani ka san tsohon ɗinki ne da aka wanke, aka goge, aka adana don wannan rana. Ya zo zai wuce, sai wani yaro sa'ar jikansa, sanye da rigar 'yan tsaro, ya dafa masa ƙirji yana nuna wuyan hannunsa. Wai ba a ɗaura masa zaren robar nan na waɗanda suka biya ba. Tsohon ko musu bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya ɗaga kai ya dubi rumfar manyan baƙi da aka kafa a tsakiyar titi, inda wasu ke zaune cikin inuwa suna ɗaukar hoto da waya, ya juya ya koma bayan shinge.

To, madalla. Sannunku da aiki. An samu ci gaba, an zamanantar da biki. Wanda ya riƙe shi tun babu kowa, tun ba a san kyamara ba, yau shi ne baƙon da ba a gayyata ba.

Na ga amsar masu shirya bikin, kuma na san ta tun kafin su buɗe baki: wai bikin ya kawo wa gari kuɗi. Tambaya ɗaya nake da ita, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji da ni. Kuɗin, aljihun wa suka shiga?

Kada ku ɗauka wannan dabara sabuwa ce. Ku dubi bikin titi na Kanibal a birnin Salvador na ƙasar Burazil, inda aka kai ta ƙarshenta. A 1950 wasu abokai biyu, Dodô da Osmar, suka ɗora kayan kiɗansu a kan wata tsohuwar mota, suka shiga titi, jama'a suka bi su. Kyauta. Mai ƙafa biyu duk ya cancanta. Daga baya 'yan kasuwa suka lura cewa wannan taron da ke bin mota haja ce. Sai aka kewaye motar da igiya. Cikin igiya na wanda ya sayi wata riga ta musamman ne, da suke kira abadá, ita ce tikitin. Wajen igiya na sauran bayin Allah ne, kuma sunan da aka laƙaba musu pipoca, wato gugguru, saboda yadda suke tsalle a matse. A gefen hanya kuma ga benayen kallo na masu hali, da abinci da masu hidima.

Amma ku tsaya ku ji wanda ke riƙe igiyar. Ba inji ba ne. Talakawan garin ne, mafi yawansu baƙaƙen fata, ake ɗauka haya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su yi layi ɗari-ɗari suna jan igiya awa da awanni, mutanen ciki na turo su waje, na waje na turo su ciki. Wato an ɗauki mai gida aiki ya tsare ƙofar gidansa don kada 'yan uwansa su shiga. Yaron nan na cikin bidiyo, shi ma irinsu ne. Shi ya sa ban ga amfanin zagin da kuke ta yi masa ba. Da an tashi zai karɓi ladan yininsa ya hau motar haya, shi ma ba shi da kuɗin zaren. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu mu zo kan lissafin da ake rufe mana baki da shi. Idan aka tashi faɗin abin da biki ya kawo, ana haɗa duk abin da baƙi suka kashe ne a dunƙule. Kuɗin jirgi na ciki, alhali kamfanin jirgin ba ɗan gari ba ne. Kuɗin babban otal na ciki, alhali ribarsa wani birni za ta kwana. Kuɗin tikiti na ciki, alhali manhajar da ta sayar da shi ta zare kasonta tun kafin a kaɗa ganga. Sannan a haɗa da abin da 'yan gari suka kashe, wanda ko da biki ko ba biki a garin za su kashe shi, wuri kawai ya sauya. Kuɗi sun ratsa gari, ba a musu. Ruwan sama ma yana ratsa kwanon rufi, amma wanda ya tara bokiti shi ke sha.

Ɗaya ɓangaren lissafin kuwa ba a karanta shi a gaban 'yan jarida. Wa ya biya 'yan sanda? Wa ya biya masu shara, da motar asibiti, da gyaran fitilun titi? Harajin jama'a. Wa ya ɗinka kayan, ya yi wata uku yana atisayen kiɗa da rawa bayan ya taso daga aiki? 'Yan unguwa, galibi daga aljihunsu. Kuɗin kashewa na kowa ne, riba ta mutum biyar. Aljihun wa?

Wani zai ce ai masu talla suna samu. Haka ne, sukan samu, shi ya sa ma aka biyo su. A Salvador ɗin dai, hukumar birni takan sayar wa kamfanin abin sha guda ɗaya izinin mallakar filin biki, ya zamana mai talla ba shi da ikon sayar da na wani kamfani, idan aka kama shi a kwashe kayan. Lasisin tallan ma sai mutum ya kwana a layi. Matar da ta saba sayar da abin da ta ga dama a farashin da ta ga dama, yau ta zama ma'aikaciyar kamfani da ba ta da albashi, ta sa musu rigarsu, ta zauna ƙarƙashin laimarsu, asara kuma tata ce ita kaɗai.

Ga kuma masu cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, taro ya yi yawa, dole a kawo tsari saboda tsaro. Na ji. Babu mai hankalin da ke son turmutsitsi. Amma ku gaya mini, wane irin tsaro ne wannan da ke gane mutum ta aljihunsa? Idan titi ya cika, ya cika wa kowa. Yaya aka yi bai cika wa mai zare a hannu ba? Rumfar manyan baƙin nan ma ita ta cinye rabin hanyar, aka matse dubban mutane a ragowar, sannan a juyo a ce musu sun yi yawa.

Masu shigowa kuma su ce me ya kai ni misali da bukukuwan da ake shaye-shaye da tsiraici, don Allah ku huta. Ba tallan abin da ake yi a can nake ba. Kan kuɗi nake magana, kuma ɗan kasuwa bai damu da ko wane irin biki ba ne, kai yake ƙirgawa.

A birnin Riyo na Burazil ɗin ma ai hanyar ke nan. Faretin ƙungiyoyin kiɗa da rawar samba daga unguwannin talakawa ya fito, a titi ake yinsa, an fara gasarsa a 1932. A 1984 aka gina masa fili na kansa, Sambódromo, zanen masanin gine-gine Oscar Niemeyer, doguwar hanya mai kimanin mita 700 da kujerun siminti dama da hagu. Daga nan kallo ya koma na tikiti da na talabijin. Kyau kam yana da kyau, duniya na kallo. Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da mutanen gari suka yi: suka koma titi abinsu, suka farfaɗo da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, har ya zama miliyoyin mutane yanzu a can suke bikinsu ba tare da biyan ko sisi ba. Sai ga kamfanoni sun tattaro allunan tallarsu sun biyo su can ɗin ma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka waye ke buƙatar wani.

Kuma kada a ce ba yadda za a yi. A birnin New Orleans na Amurka, dokar gari ta hana liƙa tallan kamfani a motocin faretin bikinsu na titi da ake kira Mardi Gras. Ƙungiyoyin da ke fitowa su ke tara kuɗin daga 'ya'yansu, kallo a bakin titi kyauta ne, kuma otal-otal suna cika duk shekara idan lokacin ya zo. A Amurka fa, inda ko numfashi in da hali za a sa masa farashi. Bikin Notting Hill na Landan, wanda baƙin haure 'yan Karibiyan suka raya tun shekarun 1960, har gobe ba a biyan kuɗin shiga, duk da cewa unguwar kanta ta yi tsadar da jikokin waɗanda suka fara shi da yawa ba za su iya zama a cikinta ba.

Bari in ajiye gatse in yi magana tsakani da Allah. Ba na adawa da a samu kuɗi da biki. Ina son tela ya samu, makaɗi ya samu, mai ɗakin haya ya samu, yaron da ke tura baro ya samu. Lokacin korona, da aka soke bikin Riyo na 2021, ba masu benayen kallo ne suka kwana da yunwa ba, masu ɗinki ne da kafintoci da masu talla. Su ne bikin ke ciyarwa, su ne kuma ke ciyar da bikin. Abin da baƙo ya biya kuɗin jirgi ya zo gani shi ne tsohon nan da kayansa. Babu wanda ya taɓa ketare teku don ya kalli rumfar manyan baƙi. Ranar da tsohon ya gaji ya zauna a gida, jikansa ya ƙi koyon abin don ya ga yadda aka yi wa kakansa, sai a ɗauko 'yan haya a sa musu kayan su yi kwaikwayo. Shekara biyu, uku, baƙi za su gane, su nemi wani garin. Kamfanin zai naɗe tutocinsa ya bi su. Sai mu ga wanda za a sayar wa zaren.

Saboda haka masu shirya biki, ku fito da takarda. Nawa aka karɓa daga kamfanoni, nawa aka tara a tikiti, nawa ya koma hannun ƙungiyoyin da suka fito. In kun yi haka ni ne farkon mai ba ku haƙuri a nan, a bainar jama'a.

Af, wani ya tambaye ni batun garin nan na Sifaniya da ake jifa da tumatir. Buñol sunansa, kusa da Valencia, ranar Larabar ƙarshe ta watan Agusta ake yi. Su ma tun 2013 suka sa tikiti, Yuro 10 a lokacin, suka tsayar da adadi a mutum 20,000, amma aƙalla sun ware wa 'yan gari nasu kason kyauta. Ni dai abin da ya tsaya mini a wuya tumatir ɗin ne, sama da tan 100 a cikin awa guda. Sun ce wai wanda ya lalace ne, ba ya ciwuwa. Sun kuma ce idan motocin kashe gobara suka wanke titin, tsamin tumatir ɗin yakan bar shi fes kamar sabo. Duk da haka kada wanda ya sake turo mini bidiyon jifa da tumatir ɗin, ba na iya kallonsa har ƙarshe.