Ina Shanun?

(Safiyar Lahadi ce cikin watan Yuni, a garin Bischofsgrün da ke gindin dutsen Ochsenkopf, arewacin jihar Bavariya ta Jamus. Bakano, wanda aka ɗauko daga gida don ya koyar da Hausa a jami'a, ya iso cikin babbar riga ta shadda da takalmi sau-ciki. Bazazzagi, ɗalibin da ya daɗe a ƙasar, yana tsaye da Bajamushe, farfesan da ya koyi Hausarsa a littafi.)

Bajamushe: Malam, barka da asuba. Ka makara da minti huɗu.

Bakano: Minti huɗu ma makara ce, Farfesa? A Kano wanda ya zo haka ai shi ke shimfiɗa tabarma.

Bazazzagi: Yi masa uzuri, ranka ya daɗe. Da ka ce masa rabon kuɗi za a yi, da nan ya yi sallar asuba.

Bakano: Kai bawana, rufe mana baki. Farfesa, ina gidan bikin?

Bajamushe: Wane biki?

Bakano: Ka ce mu fita ranar Lahadi. Na ɗauka suna ne ko ɗaurin aure, shi ya sa na kai shaddata wajen guga.

Bajamushe: A'a, dutse za mu hau. Tsayinsa mita 1,024.

Bakano: Wa ke can saman?

Bajamushe: Babu kowa musamman.

Bakano: Kasuwa ke ci?

Bazazzagi: Yau Lahadi, ko cikin gari ka san kantuna a rufe suke.

Bakano: To me za mu ɗauko?

Bajamushe: Ba komai. Mu hau, mu duba, mu sauko.

Bakano (ƙasa-ƙasa): Bawana, tsakani da Allah, lafiyarsa ƙalau kuwa?

Bazazzagi: Shi ne ya sa hannu a takardar albashinka. Taka kawai.

(Sun shiga daji. Wani tsoho da matarsa suka wuce su da sauri, kowa da sanduna biyu, suka ce "Grüß Gott".)

Bakano: Tsaya! Wannan ba maƙwabcina ba ne na hawa na biyu? Tun zuwana nake yi masa sallama a matakala, ko ɗaga kai ba ya yi. Yau ga shi har da murmushi.

Bazazzagi: Haka suke. A gari kowa da harkarsa, a daji ake gaisuwa.

Bakano: Wato in ina son mu gaisa da maƙwabcina sai na biyo shi jeji. To me ya sami ƙafarsa da yake dogara sanda biyu?

Bajamushe: Lafiya lau yake. Sandunan suna rage wa gwiwa nauyi.

Bakano: Zama a gida ya fi rage mata.

(Bayan an ɗan taɓa tafiya, Bakano ya sunkuya yana tattara busassun itatuwa.)

Bajamushe: Malam, me kake yi?

Bakano: Dubi icce, Farfesa, a zube babu mai kallo. Wannan a Kurna ɗauri goma ne cif.

Bajamushe: Ajiye. A dazuzzuka da yawa na ƙasar nan ba a ɗiban icce sai da takardar izini daga masu kula da daji.

Bakano: Iccen da ya faɗi da kansa?

Bajamushe: Ƙwari da tsuntsaye suna amfani da shi.

Bakano: Ƙwaro ya fi malamin jami'a gata kenan. To me aka yarda in ɗauka?

Bajamushe: Laimar kwaɗi, idan kakarta ta yi. Amma daidai cin gida, ban da sayarwa.

Bakano: Laimar kwaɗi kuke ci?

Bazazzagi: Har da romo, Malam.

Bakano: Kai dai an san ka. Wanda ya tashi da fate me zai ƙi?

(Hawa ya yi tsanani. Bakano ya naɗe babbar riga a kafaɗa, yana haki, takalmi sai zamewa yake yi.)

Bajamushe: Haƙuri, Malam. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Bakano: Sun ce, amma wanda ya faɗa yana da inda za shi.

Bajamushe: Ka tuna da mutumin Hamburg, Heinrich Barth, wanda kuke kira Abdulkarim. Ya ƙetare hamada ya shiga Kano a 1851.

Bakano: A kan dabba ya zo, Farfesa. Kuma da ya iso me ya fara yi? Kasuwa ya shiga yana tambayar farashin turkuɗi da goro. Wannan shi ne Bature mai hankali.

Bazazzagi: Ashe Kanawa ba su iya hawa ba? Mu Kufena muke karyawa da shi.

Bakano: Mu ma muna da Dala, amma ba mu taɓa sayen takalmi na musamman dominsa ba.

(Waya ta yi ƙara. Ardo ne, Bafillacen da ke riƙe wa Bakano shanu a gida, ya kira ta bidiyo.)

Ardo: Salamu alaikum, Malam. Saniyarka ja ta haihu. Kai, ina ne nan? Na ga daji.

Bakano: Daji ne, Ardo. Tun safe muke tafe.

Ardo: Allahu akbar, ciyawa har gwiwa! Juya mini wayar in ga garken.

Bakano: Babu garke.

Ardo: Ina shanun?

Bakano: Babu shanu.

Ardo: An kore su ne? Yaushe? Kun bi sawu?

Bajamushe: Sannu, Ardo. Ba mu da shanu. Muna tafiya ne don jin daɗi.

Ardo: Wannan Baturen da sanda biyu, saniya ko ɗaya ba shi da ita? Aradu ni sanda ɗaya gare ni, kuma garke guda nake bi. Malam, nawa ake biyan ku?

Bakano: Mu muka biya kuɗin mota muka zo.

Ardo: Ashe ni tun ina yaro hutun Turawa nake yi ban sani ba.

Bajamushe: Ardo, kai gwani ne. A nan idan mun koma gida dole kowa ya duba jikinsa, saboda kaskar wannan yanki tana sa ciwo mai taɓa ƙwaƙwalwa. Har allurar rigakafi ake yi mana.

Ardo: Kaska a jikin mutum, allura a jikin mutum? Malam, ashe ku ne shanun. To wa ke kiwon?

Bazazzagi: Ga shi nan gaba da taswira.

Ardo: Allah ya ba da sa'a. Ka aiko kuɗin dusa.

(Sun kai ƙololuwa. Akwai doguwar hasumiyar talabijin da wani gidan abinci. Suka zauna. Bakano ya tambayi abin da babu alade, aka kawo masa dankali da ruwa mai gas. Da aka gama, mai hidima ta zo da jakar kuɗi.)

Bajamushe: Kowa nasa, don Allah.

Bakano: Me ya ce?

Bazazzagi: Kowa ya biya abin da ya ci.

Bakano: Shi fa ya gayyace ni! Ya fito da ni daga ɗakina, ya kashe mini takalmi, sannan in sayi ruwan da ke cizon harshe da kuɗina?

Bajamushe: Don kada in ɗora maka nauyin ramawa ne, Malam.

Bakano: Ɗora mini, Farfesa. Wallahi zan iya ɗauka.

(Yana cikin ƙirga canji sai ya hango wasu akwatunan gilashi suna tahowa a kan igiyar ƙarfe, mutane zaune a ciki suna lasar askirim.)

Bakano: Bawana, mene ne wancan?

Bazazzagi: Motar igiya ce. Daga gindin dutsen take ɗauko mutane.

Bakano: Daga ina?

Bazazzagi: Daga kusa da inda muka tsaya da safe.

Bakano: Kuma ka sani?

Bazazzagi: Na sani mana. Cewa na yi Bakano ba zai so kashe kuɗin tikiti ba.

Bakano: Allah ya isa tsakanina da Zazzau.

(Ya tashi a fusace, ya yi tuntuɓe da wata robar ruwa da aka yar. Bajamushe ya ɗauke ta, ya kakkaɓe, ya sa a jaka.)

Bakano: Farfesa, har bola kake tsinta?

Bajamushe: Kuɗi ce. Idan ka mayar da ita kanti, na'ura za ta ba ka santi 25. Gwangwanin lemo ma haka.

Bakano: Kowace ɗaya?

Bajamushe: Kowace mai wannan tambarin.

Bakano: Ba a neman takardar izini?

Bajamushe: Ba a nema.

Bakano (ya warware babbar riga, ya ƙulle bakinta ta zama buhu): Farfesa, wane dutse ne kuma mutane suke cika a ƙasar nan?

Bajamushe: Zugspitze, can kudu. Mita 2,962.

Bakano: Lahadi mai zuwa ƙarfe nawa?

Bazazzagi: Gwiwar fa, Malam?

Bakano: Riƙe mini nan, bawana, ga wani gwangwani can ƙarƙashin benci.