Kyamarar Gwangwani

Bagobiri ya sha farar riga ya sauka Katsina, ya iske Bakatsine a wani fili da ake hango Hasumiyar Gobarau, ya ɗora gwangwani bisa kifaffen turmi.

Bagobiri: Kai bawana, ina mai hoton da aka faɗi?

Bakatsine: Ga ubangidanka tsaye. Ga kyamara.

Bagobiri: Wanga ai gwangwanin madara na! Ina gilashin?

Bakatsine: Gilashi na ragwaye ne. Ciki na shafe da baƙin fenti, na huda nan da tsinin allura, na liƙa takardar hoto a ciki tana fuskantar hudar. Haske ya shiga ya zana ka, shi ke nan. Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya yi bayanin wannan a Misira shekara dubu da ta wuce, lokacin ku kuna koyon tsaga fuska.

Bagobiri: Bar zancen tsaga. So nike a ɗauke ni da hasumiyarku bisa tafin hannuna, in kai Sabon Birni a ga na ci Katsina da yaƙi.

Bakatsine: Mai sauƙi. Matso kusa da gwangwani, ita ka bar ta can nesa. Ƙaramar huda ba ta zaɓe, na kusa da na nesa duk tana fito da su. Ɗaga hannu. Sauke kaɗan. Yauwa! Yaro, kawo murfin langar nan ka haska masa fuska, zuben ya fito.

Bagobiri: Ka kashe mani ido!

Bakatsine: Zan ɓare salatif ɗin da ya rufe hudar. Kada ka motsa sai na ƙirga sittin.

Bagobiri: Sittin? Ƙuda hwa ya sauka bisa hancina.

Bakatsine: Bar shi, shi ban caje shi ba. Ashirin da ɗaya... ina ma na tsaya? Ɗaya, biyu...

Da aka gama, Bakatsine ya shige wani shago mai duhu, ya kunna jar fitila, ya tsoma takarda a ruwan magani. Can ya fito yana kaɗa ta.

Bagobiri: Innalillahi! Rigata ta koma baƙa, fuskata fara fat kamar aljani!

Bakatsine: Haka takardar farko take, baƙi ya zama fari. Ka samu hasken fata kyauta kana ƙorafi.

Bagobiri: To mi ya sa kaina ƙasa, ƙafafuna sama?

Bakatsine: Haske a miƙe yake tafiya. Na hularka ya ratsa huda ya sauka ƙasa, na takalminka ya hau sama. Amma ina iya gyara maka. Juyawa naira ɗari biyar.

Bagobiri ya ƙura wa hoton ido, ya laluba aljihu, ya fasa.

Bagobiri: Kai ɓarawo! Ko sisi ba ni ƙarawa. Ba ni abina haka nan. In na kai gida, duk mai son gani ya kafa kai ƙasa ya kalla.