Tejaswin Shankar da Ɗaukar Kaya Goma

Jama'a, idan aka ce Indiya, mu nan fim ne ke faɗo mana, su kuma can kurket ne addininsu na biyu. Amma akwai wani ɗan Delhi, Tejaswin Shankar, haihuwar 1998, da lamarinsa ya daɗe yana tsaya min a rai.

Asalinsa mai tsallen sama ne. A 2018, yana karatu a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, ya haura mita 2.29, abin da babu Ba'indiyen da ya taɓa yi kafinsa. Sau biyu yana cinye gasar jami'o'in Amurka, a 2018 da 2022.

Duk da haka, da gasar Commonwealth ta Birmingham ta zo a 2022, hukumar wasannin guje-guje ta ƙasarsa ta ajiye sunansa gefe. Laifinsa? Bai zo gasar cikin gida ba, yana can Amurka, inda ya haura mita 2.27, daidai ma'aunin da su da kansu suka gindaya. Wani da sai ya ce Allah ya isa, ya koma gefe. Shi kuwa ya maka su a Babbar Kotun Delhi. Da ƙyar aka saka shi ana dab da farawa, ya je ya haura mita 2.22, ya ɗauko tagulla, lambar farko da Indiya ta samu a tsallen sama a tarihin gasar.

To daga nan ne ya yi abin da wasu ke gani wauta ce: ya koma dikatalon, wasanni goma cikin kwana biyu. Ranar farko gudun mita 100, dogon tsalle, jifan dalma, tsallen sama, sannan mita 400. Ka kwana jiki duk tsami, gari ya waye ka tsallake shinge, ka jefa faifai, ka yi tsalle da sanda, ka jefa mashi, a ƙarshe a ce sai ka yi gudun mita 1500. Mutumin da ya saba zama zakara a fage guda ya yarda a riƙa wuce shi a jifa, kowa na kallo.

Ni dai ban ga wauta ba. Ya san tsayin da manyan duniya ke haurawa, ya san inda ƙafarsa ta tsaya, bai yaudari kansa ba. Wannan ya fi burge ni ma fiye da zuwa kotun.

A wasannin Asiya na Hangzhou a 2023 ya tara maki 7,666, ya ci azurfa. Tarihin maki mafi yawa a Indiya, na Bharatinder Singh mai 7,658, wanda ke tsaye tun 2011, da maki takwas kacal ya karya shi. Rabon Indiya da lamba a wannan fanni a wasannin Asiya kuwa tun 1974, shekara 24 kafin a haife shi.