Nasiha ga masu shirin zuwa kallon giwa a Yankari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Rani ya kama, 'yan Kaduna sun fara haɗa motoci ta hanyar Jos zuwa Yankari a Bauchi, domin a wannan lokaci ne dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Kallon halittar Allah ibada ne in an yi shi da tunani. Sai dai wasunmu da zarar sun hango giwa, waya suke ɗagawa, hankali ya gudu.

Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Garken giwa kuwa tsohuwar uwa ce ke ja masa gora. Wata 22 giwa take ɗauke da ciki, to wadda ta sha wannan jira ba za ta yi wasa da ɗanta ba. Kada direba ya kuskura ya shiga tsakanin uwa da ɗa, ko ya tare hanyar da garke ke bi zuwa ruwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata. Tsuntsuwa ke nan, ina ga giwa?

Giwa kuma ba ta cika far wa mutum ba sai ta yi gargaɗi. In ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, tana girgiza kai, tana watsa ƙura, tana ruri, cewa take ku matsa. A yi shiru, kowa ya zauna, direba ya ja da baya sannu a hankali. Ban da hon, ban da taka totur, ban da filashin kyamara. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ta sunkuyar da kai, ta manne kunnuwa a jiki, ta naɗe hanci ciki, sau da yawa ma ba ta ƙara. Wannan da gaske take, kuma ƙafarka ba za ta tserar da kai ba. Shi ya sa tun farko ake barin tazarar aƙalla mita 50, a kuma ajiye mota inda take da mafita.

Toron giwa yana da lokacin da sha'awa ke hawa masa kai. Za ka ga wani ruwa mai maiƙo na zuba daga tsakanin ido da kunne, fitsari na ɗiga a ƙafafun baya, ga wari. Wannan ko daga nesa kuka gan shi, ku sauya hanya.

Sai mai cewa "ai komai ƙaddara ce", ya sauko ɗaukar hoto. Ɗan'uwa, Suratul Baƙara aya ta 195 ta hana jefa kai cikin halaka, kuma a hadisin Tirmizi mai raƙuma cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Ganin giwa ba mai ƙarfi ba ne, amma hancinta na jin warinka tun daga nesa, musamman in iska na kaɗawa daga wajenka zuwa wajenta. Kada wanda ya sauka sai jami'in daji ya ba da izini, yara kuma a zaunar da su tsakiya, hannuwansu a cikin mota.