Ƴan daudu da sida: ƙidayar da muke jin nauyin yi

Jama'a, sallama. Na san akwai wanda zai ga kalmar farko ta wannan rubutu ya fara zagi tun bai kai layi na uku ba. Ba komai. Wanda ke da haƙuri ya karanta har ƙarshe, don magana ce ta lafiyar gidajenmu a nan Tawa, kuma rashin yin ta bai taɓa warkar da kowa ba.

A 1987 aka fara tabbatar da sida a Nijar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2006 ya nuna kashi 0.7 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar, na 2012 ya nuna 0.4, yanzu kuwa kiyasin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da sida yana wajen 0.2. Alhamdulillahi, muna cikin ƙasashen Afirka da abin ya fi sauƙi. Sai dai wannan adadi na gamayya ne, an haɗa tsohuwar da ba ta taɓa barin ƙauyenta ba da direban da ke kwana a Konni yau, jibi a Kwatano. Idan aka ware mata masu zaman kansu, ko maza masu neman maza, adadin yana ninkuwa sau da yawa. Ma'ana cutar ba ta bazu ko'ina daidai ba, ta taru ne a wasu rukunoni. Ƙasar da ke cikin irin wannan hali, idan ba ta san abin da ke faruwa a cikin waɗannan rukunoni ba, to ba ta san komai game da sidarta ba, ko da rahotonta ya kai shafi ɗari.

A cikin waɗannan rukunoni akwai wanda aka fi mantawa da shi: mutanen da aka haifa maza amma suke rayuwa a matsayin mata, suke kuma ɗaukar kansu mata. A ƙasar Hausa idan aka yi wannan magana hankali yana tafiya ga ƴan daudu, kuma da gaskiya, ko da yake ba kowane ɗan daudu ne yake ɗaukar kansa mace ba. Wani sana'ar tuwo da soya kaji ce ta haɗa shi da mata, yana da matarsa da ƴaƴansa a gida. Wani kuwa tun yana yaro haka yake, a cikin ƙawayensa da sunan mace ake kiransa, kuma ko za a yanka shi ba zai ce maka shi namiji ne kamar sauran maza ba. Mun san su. Mun ci abincinsu a tasha, mun gan su a gidan biki suna girki, iyayenmu mata sun yi adashe da su. Ba daga Faransa aka yi mana odar su ba.

Abin da bincike ya nuna a kansu a duniya yana da tayar da hankali. A 2013 an tattara sakamakon bincike daga ƙasashe 15, aka samu kusan kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka haifa maza suke ɗaukar kansu mata suna ɗauke da ƙwayar cutar. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta yi wani aiki na musamman tsakanin 2019 da 2020 a birane bakwai, ciki har da Atlanta, New York da San Francisco. An yi hira da mutum 1,608, kuma a cikin waɗanda aka yi wa gwaji kashi 42 cikin 100 suna da ita. A tsakanin baƙar fata adadin ya kai 62, a tsakanin farare 17. Ƙasa ɗaya, cuta ɗaya, amma dubi tazarar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa talauci da wariya suna cikin lissafin.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce. To ga na kusa. A 2017 an buga wani bincike da ya haɗa ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Burkina Faso, Togo, Senegal da Kodebuwa, ƙasar da rabin Adar ke zuwa ci-rani. An tattara mutum fiye da dubu huɗu da aka shigar da su a matsayin maza masu neman maza. Da aka tambaye su yadda suke ɗaukar kansu, sai kusan ɗaya cikin biyar ya ce shi mace yake ɗaukar kansa. Da aka raba sakamakon gwajin, a cikin waɗannan kashi 25 cikin 100 ke da cutar, sauran kuwa 14. Shekara da shekaru ana zuba su kwando ɗaya, ana fitar da adadi ɗaya, ana tsara aiki a kansa, alhali a ciki akwai waɗanda abin ya fi ci kusan ninki biyu kuma ba wanda ya lura. Gyaran ma ba wuya: tambaya biyu ce a takardar bincike, ɗaya a kan jinsin da aka haifi mutum da shi, ɗaya a kan yadda yake ɗaukar kansa yanzu.

Me ya sa abin ya fi yawa a wurinsu? Wani ɓangare na halitta ne, kuma zan faɗe shi da kunya amma a fili: saduwa ta baya ta fi saurin ɗaukar ƙwayar cutar ga wanda ake yi wa. Lissafin masana ya sa ta wajen 138 cikin saduwa 10,000 da mai cutar, ta gaba ga mace kuwa wajen 8. Sauran duk namu ne, mu al'umma. Yaron da aka kora daga gida yana da shekara goma sha biyar, lakwal ta gagare shi saboda tsokana, ba mai ɗaukarsa aiki a shago, ina zai nufa? Gidan magajiya. Wanda cinsa da kwanansa ke hannun wani ba shi da bakin cewa sai an sa fula. Idan an doke shi ko an yi masa fin ƙarfi ba zai kai ƙara ba, don ya san shi za a fara tsarewa. Wasu kuma suna sayen ƙwayoyi da allurai na canza jiki a wajen masu tallar magani a tire, kuma allura ɗaya tana iya zagaya mutum uku.

Yanzu ga tambayar da nake so maza su tsaya a kanta, mu da muke zama a fada muna shan shayi muna tsine musu. Su wa ke zuwa wurinsu da dare? Ba aljannu ba ne. Maza ne masu rawani da masu kaki da masu shago a kasuwa, da yawansu da mata biyu a gida. Cutar da aka ɗauka a can ba ta tsayawa a can. Da asuba take shiga gida, ta kama baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, sai ranar awon ciki a gaya mata abin da ba ta taɓa zato ba, dangin miji kuma su ce ita ta kawo. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin awon ciki ya san irin wannan kuka. Saboda haka ko mutum ba ya ƙaunar ganin ɗan daudu ko a hanya, yana da ƙanwa da ɗiya da ke gidan wani.

Ban zo in yi gardama da malamai a kan hukunci ba. Wannan fagensu ne, kuma ba ilimina ba ne. Abin da na sani shi ne likita ba alƙali ba ne. Ɓarawon da aka harba ana cire masa harsashi, mashayin da hantarsa ta lalace ana ba shi gado. Ban ga dalilin da zai sa a kan wannan cuta kaɗai a ce sai an duba halin mutum kafin a duba jininsa ba.

Yadda ake sa ido a kan cutar a irin wannan rukuni ya kamata mutane su fahimta, don a nan matsalar take. Ba a iya bi gida gida kamar ƙidayar jama'a a ce ina ƴan daudun gidan nan. Dabarar da ake amfani da ita tun ƙarshen shekarun 1990 ita ce a samu mutum kaɗan da ƴan uwansu suka yarda da su, a yi musu tambayoyi da gwaji, a ba kowanne ƴan takardu kamar uku ya miƙa wa abokansa. Su ma idan sun zo a ba su nasu. Haka sarƙar ke tafiya har ta kai ga wanda ba wani ma'aikacin gwamnati da zai taɓa gano shi. Ba a rubuta suna, lamba ake sawa. Daga nan ake sanin nawa ke da cutar, nawa suka san suna da ita, nawa ke shan magani, nawa suka taɓa jin labarin rigakafi. Duk wannan gini a kan amana yake zaune. Ranar da aka ji cewa wanda ya je gwaji an kama shi, ko an ga hotonsa yana yawo a WhatsApp, sarƙar ta tsinke, kuma sai an yi shekaru kafin a ƙulla ta.

An ga haka a maƙwabta. A Dakar, a Disamban 2008, an kama mutum tara masu aikin wayar da kai kan sida, aka yanke musu shekara takwas takwas kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake su a 2009. A tsakanin nan aikin rigakafi ya tsaya, mutane suka ɓuya, wasu har maganinsu suka daina zuwa karɓa. A Najeriya, bayan dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya, wani bincike a Abuja ya nuna masu tsoron zuwa asibiti a cikin maza masu neman maza sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mali ta sa hukuncin neman jinsi ɗaya a dokarta a ƙarshen 2024, Burkina a 2025, mu ma kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Yamai a watan Maris na 2025 ya haramta waɗannan ɗabi'u. Ko mutum ya yi murna da wannan ko bai yi ba, dole ma'aikatar lafiya ta amsa tambaya ɗaya: wanda ya shigo ɗakin gwaji, yana cikin aminci ko a'a? Dokarmu ta sida ta 2015 ta wajabta riƙe sirrin majinyaci. Ina so in ji an fito an faɗa da babbar murya cewa wannan yana nan daram, kuma rajistar gidan likita ba za ta taɓa zama takardar farauta ba.

Abin takaicin shi ne kayan aiki yanzu sun fi na kowane lokaci. Maganin rage ƙarfin cutar kyauta ne a ƙasar nan. Wanda ke shan sa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa, wannan an tabbatar da shi. Akwai ƙwayar rigakafi da marar cutar ke sha, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk mai haɗari sosai tun 2015. Akwai allurar wata biyu biyu, ga kuma sabuwa ta sau biyu a shekara da hukumar ta amince da ita a 2025. Wanda aka yi wa fyaɗe ko fula ta fashe masa, idan ya isa gidan likita kafin awa 72, akwai maganin kwana 28 da ke iya tare cutar. Amma a binciken nan na Amurka, cikin waɗanda ba su da cutar kashi 92 sun san da ƙwayar rigakafin, 32 kacal suka sha. Ɗaya daga cikin abin da ke hana wasu shi ne tsoron kada ta ɓata musu maganin canza jiki da suke sha, alhali ba ta rage masa ƙarfi. Ba don an zauna an tambaye su ba, wa zai san wannan ne ke riƙe su?

Kuɗin ma yana ja da baya. Yawancin aikin sida a Nijar da tallafin Asusun Duniya na yaƙi da sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ake yin sa, kuma tun da Amurka ta dakatar da taimakon waje a Janairun 2025 kowa ya ji a jikinsa. Idan kuɗi ya yi kaɗan, sai a zuba shi inda cutar ta fi yawa, kuma ba a sanin wurin sai da ƙidaya.

Ga ƴan uwana ma'aikatan lafiya, musamman matasa da ke ɗakin karɓar marasa lafiya, a nan aka fi yin ɓarna. Mutum ya yi ta fama da zuciyarsa kafin ya tako, ya shigo da lalle a hannu yana rangwaɗa, sai ki taɓa ƙawarki ku kwashe da dariya, ko ka ɗaga murya ka tambaye shi layin maza zai bi ko na mata. Ya tafi ke nan. Zai koma ya gaya wa uwar ɗakinsa da ƙawayensa goma kada su kuskura su zo, kuma su goman nan kowannensu yana da masu zuwa wurinsa. Ki karɓi katinsa, ki shigar da shi ɗaki, ki rufe ƙofa, ki yi masa gwajin kamar yadda za ki yi wa kowa. Idan sakamako ya fito, tsakaninki da shi ne, ko mijinki bai kamata ya ji ba.